Shekarar da Malam Ya Shanya Kansa

Bazara ce, irin wadda kaji ke yawo da baki buɗe. A shekarar nan zafi ya iso Argungu da wuri, ya kuma zauna kamar baƙon da ya zo da kayansa duka. Gulbi ya janye ya bar yashi. Wutar lantarki sai dai ta leƙo ta koma. Ruwan randa in ka sha sai ka ji kamar wani ya riga ya ɗumama maka. Kowa a gajiye yake, har masu faɗa a unguwarmu sun ɗaga faɗansu sai an yi ruwa. Shinkafar rani ce kaɗai ke jin daɗinta, ta yi kore shar a fadama, inji na ba ta ruwa safe da yamma.

Maigidana manomin shinkafa ne, gonarsa na can ta hanyar Gulma. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Innarsu. Tun da aka kawo ni gidansa ban san ainihin launin fatarsa ba, sai ɗan abin da hula ta ɓoye a goshi. Sauran duk rana ta dafa shi, ta juya, ta sake dafawa. Na faɗi wannan ne tun yanzu don a riƙe shi, saboda abin da zai zo.

Wata rana ya dawo daga fadama, ya zauna cin abinci, sai na ga jini a tabarma. Na duba ƙafarsa. Wani abu ya yanke shi a ƙarƙashin babban yatsa, ko kara ne ko ƙashin kifi a cikin laka, yanka mai zurfi. Na ce Malam, yaushe ka ji ciwo? Ya leƙa ƙafar kamar ta wani ce, ya ce shi bai ji komai ba. Har da ɗan alfahari ya faɗa. Ni kuwa na sake duban wurin. Mutum ya yanke haka bai sani ba?

Na wanke da ruwan gishiri, na ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Washegari ya koma cikin ruwa da lakarsa. Mako ya wuce, wani ya biyo, ciwon bai kame ba. Da na fara lura kuma sai na ga ba ƙafar kaɗai ba ce. Yana shan ruwa kamar gonarsa, bai kuma rabuwa da buta. Wandonsa sai ya ƙara ɗaure mazagi. In ya dawo ya zauna, tashi sai da dabara. Ina kuma ganin kiyashi na taruwa a makewayi inda ya kama ruwa, na share, su dawo. Ban san ma'anar wannan ba a lokacin, na dai san ba haka yake da ba.

Na ce mu je asibiti. Ya ce bayan yankan shinkafa. Duk abin da Malam ba ya so ya yi, bayan yankan shinkafa ne. Rufin ɗakin girki ma tun ina goyo yake jiran yankan shinkafa.

To akwai waya. Ɗiyarmu ta fari, wadda ke aure a Nasarawa cikin Birnin Kebbi, ita ta saya masa irin mai shafawa. Malam mutumin rediyo ne tun yana saurayi, da ita yake kwana da ita yake tashi, a kafaɗa yake ɗora ta kusa da kunne. Da waya ta zo sai ta gaji gurbin rediyon, har da matsayinta a kafaɗa. Ya iya latsa saƙo ya buɗe, ya iya turawa, amma da zarar murya ta fara sai ya kife fuskar wayar a kunnensa, ko ya jefa ta aljihun gaba ya ci gaba da abin da yake yi. Ya ce hasken gilashin na sa masa hawaye, kuma shi magana yake so, ba kallo ba, kallo na yara ne. Haka na ga yawancin sa'o'insa na yi a ƙofar masallaci, kowa da waya manne a kunne, fuskarta a rufe.

Manoman fadama suna da zaurensu a cikin wayar, inda ake labarin taki da man inji da wanda ruwa ya ci wa gona. A nan wani ya turo saƙon. Ina tsakar gida ina gyaran kuɓewa Malam ya fito daga ɗaki da saurin da na daɗe ban gani ba, yana ɗingishi, ya ce, “Innarsu, saurara. Allah Ya kawo mu ga magani.”

Murya ce ta wani mai Hausar gabas, yana fassara abin da ya ce wani babban likita na ƙasar waje ya faɗa. Wai yawan gajiya, da ciwon ƙashi, da mikin da ke jinkirin warkewa, sau da yawa rashin wani sinadari ne da jiki ke samu daga hasken rana. Wai mutanen yanzu sun kulle kansu a ɗaki, rana ba ta ganinsu. Wai mutum ya daure ya riƙa fita da tsakar rana, lokacin da ta fi ƙarfi, ya buɗe hannuwa da ƙafafu ya bar ta ta taɓa shi.

“Kin jiya?” in ji Malam. “Gajiya. Ciwon ƙashi. Miki. Kamar ya zo nan gida ya gan ni.”

Na ce, “Na ji, Malam. Sai dai wurin rana ne ban gane ba. Kai da kake wuni cikinta?”

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wadda ta fara karatu da girma. Ya ce, “Ta gona daban. A gona mutum aiki shika yi, shina ta motsi, ba ta samun natsuwa ta shige shi. Wagga ta magani ce, zama aka yi mata.”

Har yau in na tuna sai in ga an jera maganar da kyau.

Daga ranar sai tsarin gidanmu ya sake. Malam ya tafi fadama da sassafe, rana ta buge shi har ta kusa tsaka, sai ya baro ta can ya hau mashin ya dawo gida don ya same ta a nan. Ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, daidai inda nake shanya barkono, nesa da inuwar dogon yaro. Ya cire riga ya bar 'yar shara, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya kwance ƙyallen da na ɗaura, ya miƙe ƙafar. Gumi na zuba daga haɓarsa, waya na aljihu tana maimaita masa karatun. Akuyarmu da ke laɓe a gindin bango takan tsaya da tuƙa ta dube shi.

Akwai wata mai kawo mana kifi daga bakin gulbi, tsohuwa ce mai baki, ta girme mu duka. Ta yi sallama ta shigo ta same shi a haka. Ta sauke tire, ta gaishe shi da kyau, sannan ta matso kusa da ni ta ce, a muryar da ta tabbata zai ji, “Ke, wanga naki banda za ki yi da shi ko kilishi? In banda ce ki ƙara mishi hayaƙi, ƙuda sun fara.”

Malam ya ce, bai ko buɗe ido ba, “Iya, ilimi ne. Ba a sayar da shi bakin gulbi.”

Ta ce, “Wallahi ba a sayarwa. Mu can in rana ta yi haka, ko kifi ƙasa shika yi.”

Na yi dariya don kada in yi kuka, saboda gaskiya ta faɗa game da ƙuda. Ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Bakin ciwon ya yi duhu, yana fitar da ruwa, akwai kuma wani wari da nake ji in na zo ɗaurewa, wanda nake yi kamar ban ji ba. Na taɓa ganin wani maƙwabcin iyayena da aka kai asibiti da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Shi nake gani duk lokacin da na kwance ƙyallen nan. Manomin fadama kuwa da ƙafa yake ci.

Ni ba mai gardama ba ce. Ba a koya mini ba, kuma zaman da na yi da Malam ya nuna mini cewa in ka ce masa ya yi kuskure, ka ƙara wa kuskuren kwana ne. Sai na bi ta hanyoyina. Na riƙa yin wanki da hantsi ina shanya zannuwa a igiyar da inuwarta za ta faɗo masa. Ya ja tabarma gaba. Na ce barkonona na bukatar wurin. Ya ce barkono ya jira, lafiya ta fi miya. Wata rana ya tashi zai yi alwalar azahar, jiri ya kwashe shi, da bai dafa turmi ba da ya kai ƙasa. Na ce Malam, ka gani? Ya ce ya gani, alama ce magani ya fara aiki, rana na jawo cutar waje.

Abin da ya buɗe mini ido ƙaramin abu ne. Yana cin tuwo, hannunsa da miya, sai ya ce in ciro wayar daga aljihunsa in latsa masa saƙon, in kuma saurara da kyau ni ma in ƙaru. Ban saba taɓa wayarsa ba. Na ciro, na latsa inda ya nuna, na riƙe ta yadda na iya riƙe abu mai rubutu, wato fuskarta na kallona. A makarantar yaƙi da jahilci malamarmu takan ce kafin mu fara haɗa baƙaƙe mu dubi hoton da ke shafin tukuna, shi zai gaya mana inda maganar ta dosa. Ni da karatuna ke tafiya a hankali, wannan ɗabi'ar ta zauna mini.

Ashe saƙon ba murya ce kaɗai ba. Da hoto mai motsi a ciki, tun ranar farko.

Wani Bature ne, fari fat kamar ba a taɓa fitar da shi waje ba. Yana tafiya a kan titi yana magana, muryar mai fassara ta danne tasa. Ya sa wata riga mai kauri kamar katifa, da hula har kunne, da safar hannu, ya naɗe wuya da wani ƙyalle. In ya yi magana hayaƙi na fita daga bakinsa. Bishiyoyin bayansa babu ganye ko ɗaya. Sama toka-toka. Ƙasa kuma, da saman motoci, da rufin gidaje, wani farin abu ne ya lulluɓe su kamar an zazzage buhunan gari. Na duba ko'ina a hoton nan ina neman rana, ko inuwar mutumin a ƙasa. Babu.

Na dubi Malam, gumi na ɗiga cikin miyarsa. Na sake duban mai rigar katifa. Ban tabbatar da abin da na gani ba tukuna. Na ce masa dai wannan ilimi bai kamata ya tsaya gidanmu ba, ya tura wa ɗiyarsa ita ma ta ƙaru. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce dama ya san zan gane, a hankali nake amma ina isowa.

Kwana biyu bayan haka na nemi izini zuwa barka a Birnin Kebbi, wata ƙawar ɗiyata ta haihu. Barkar gaskiya ce, na kuma yi ta, amma ba ita ta kai ni ba. Ɗiyata na da maƙwabciya Bayarabiya mai sayar da robobi da kwanuka, wadda ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta ɗiyata zama ta Kabi. Na san tana da 'ya da ke aikin kula da tsofaffi a wata ƙasar Turawa. Muka zauna su biyu da ni a rumfar shagonta, na sa ɗiyata ta buɗe saƙon, na ce a gaya mini wannan farin abu mene ne.

Matar ta kalla, ta ce, “Ƙanƙara ce, Mama. Daga sama take zuba musu kamar ruwa. Ga irinta nan.” Ta buɗe tata wayar ta nuna mini 'yarta tsaye cikin irin farin abin, an naɗe ta ba a ganin komai sai ido da hanci. Ta ce, “In lokacin ya zo, rana can kamar wutarmu ta nan take, ta leƙo ta koma. Sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Su fita aiki da duhu su dawo da duhu. Ɗiyata har ƙwaya take sha ta maye mata gurbin rana, likita ya rubuta mata.”

Na ce, “To mutumin ba ƙarya yake ba ke nan.”

“Ba ƙarya ba ne. Da mutanenshi yake. Wa ya turo miki?”

Ɗiyata ta gaya mata abin da Babanta ke yi da tsakar rana. Matar ta yi dariya har ta dafa tarin bokitai suka zube. Ta ce a Argungu? A bazara? Ta ce da ana aika rana a mota da ta roƙi Baba ya tara wa 'yarta ragowar. Na bar ta ta gama, ni ma na taya ta kaɗan. Sannan na ba ta labarin ƙafar, da shan ruwan, da ramar, da kiyashin makewayi. Ina kai wa kiyashi dariyar ta ɗauke. Ta ce mijinta ma haka ya fara, ita ba likita ba ce ba za ta sa wa ciwon suna ba, amma kada mu bari ya ƙara kwana biyu bai ga likita ba. Ta riƙe hannuna ta sake faɗa.

Ɗiyata ta fara hawaye, ta ɗauki waya za ta kira shi. Na ce ajiye. In kika gaya masa ta waya cewa ya yi kuskure, gobe tun hantsi zai shimfiɗa tabarmar.

Na iso gida bayan la'asar. Na same shi a gindin dogon yaro, ya gama shan maganinsa na ranar, ya yi laushi kamar ganyen da aka tsoma a ruwan zafi. Na gaishe shi, na isar da gaisuwar mai jego, na kawo masa ruwa. Sai da ya sha na zauna gefen tabarma na ce, “Malam, wanga likita naka, ka taɓa ganin shi?”

“In gan shi in yi mi? Maganarshi nika so.”

“Akwai abin da na gani a hoton ban gane ba. Na ce kai da ka fi ni yawo, ko za ka duba mini.”

Wannan kam ba ya ƙi. Ya ciro wayar, ya latsa, hannunsa ya kama hanyar kunne kamar kullum, na tare shi a hankali na juyo da ita. Ya kawo ta kusa da hanci, ya ƙanƙance ido. Ya daɗe yana kallo. Mai fassara na ta bayanin tsakar rana, mai rigar katifa na ta fitar da hayaƙi.

“Shi ne wanga?”

“Shi ne.”

“Mi ya same shi ya yi wagga shiga? Ba shi da lahiya?”

“Sanyi ne, wai. Garinsu ke nan.”

“Wanga farin abu hwa?”

“An ce ƙanƙara ce. Daga sama take zubowa.”

Ya sauke wayar ya dube ni. “Ƙanƙara? A ƙasa hakanan, ana takawa? Mu nan muna bin mai ƙanƙara da roƙo?” Wannan ne ya fara ba shi haushi, kafin komai. Ya sake ɗaga wayar. Na ga idonsa na yawo a saman hoton, na san abin da yake nema, don ni ma na nema. Can ya ce, a hankali, “Ina ranar tasu?”

Na gaya masa abin da mai robobi ta ce, da 'yarta, da ƙwayar da take sha. Ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. Ya ci gaba da kallo har saƙon ya ƙare. Ya dubi hannuwansa, baƙi ƙirin har suna ƙyalli, ya juya su. Ya dubi ƙafar.

“Allah sarki,” ya ce. “Bawan Allah. Ashe shi ke cikin rashi.”

Na ce ƙwarai, abin tausayi.

Ya mayar da wayar aljihu. Muka zauna muna kallon akuya. Da aka kusa kiran magariba ya ce, kamar yanzu ya tuna, injin ban ruwa na son wani ƙarfe da ba a samu sai Birnin Kebbi, gobe zai shiga. Na ce Allah Ya kai mu, ni ma na manto mayafina gidan ɗiyata. Ya ce to sai mu tafi tare. Na ce tunda muna can, in hanya ta bi ta gaban asibiti? Ya ce ke dai da naci kike, Innarsu. In ta bi, ta bi.

Ta bi.

Likitar da muka samu yarinya ce, ba ta fi ɗiyarmu ba. Kafin ta taɓa ƙafar sai da ta yi masa tambayoyi har ya fara gajiya. Wane aiki yake yi, a ina, da takalmi ko babu. Me yake ci da safe, me yake ci da dare. Yana yawan tashi fitsari? Cikin iyayensa wani ya yi irin wannan? Yaushe ya fara ganin hazo-hazo? Malam ya juyo ya ce mini wagga ta fi alƙali tambaya. Ni kuwa ina zaune ina tunanin mai rigar katifa, wanda ya yi makonni yana magana a aljihun Malam bai taɓa tambayarsa ko daga wane gari yake ba.

Aka soki yatsarsa aka gwada jini, aka sake ɗibar wani. Ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa, shi ya kashe masa jin ƙafar, shi ya hana ciwon kamewa. Ta kwance ƙyallen ta ga wurin. Ta tambaya yaushe ya yi niyyar zuwa. Na ce bayan yankan shinkafa. Ta ce, “Baba, da ka jira, da ba shinkafa kaɗai za a yanka ba.” Ta ce sai an kwantar da shi.

Da ta zauna tana rubutu sai Malam ya ciro wayar, ya ce yana so ta duba masa wani abokin aikinta. Ta karɓa, ta kalla har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga kafaɗarta ta ɗan motsa. Ta ce abin da ya faɗa akwai gaskiya a ciki, ga wanda rana ba ta samu. Ta ce shi Baba ya sha rabonsa ya sha na unguwa. Sai ta juyo gare ni, ta dubi hijabina har ƙasa, da safar ƙafata.

“Inna, ke fa? Kina fita?”

Na ce sai barka ko gaisuwar mutuwa.

“A gida ina kike wuni?”

Na ce ɗakin girki, sai ɗaki, sai rumfa. Mai hankali ba ya tsayawa tsakar gidanmu.

“Kina jin ciwon ƙashi? Baya, ƙugu?”

Na ce wannan ai ya zama ɗan gida, tun haihuwar autana.

Ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai ta duba ni ni ma, amma in akwai wanda saƙon nan ya shafa a gidanmu, ya fi kama da ni. Ta ce ba tsakar rana ba, wannan ta ƙasarsu ce. Hantsi, ɗan lokaci kaɗan, a cikin gida inda babu kowa, in buɗe hannuwa da ƙafafu.

Malam, da ke kwance ana shirin wanke masa ƙafa, ya ɗago kai. Fuskarsa ta yi haske irin wanda ban gani ba tun farkon bazara. Ya ce, “Kin jiya, Innarsu? Ban ce miki likitan nan ya san aikinshi ba? Ni dama na ga alamun a jikinki.”

Na ce na ji, Malam. Allah Ya saka.

Mun yi kwanaki a asibitin. Kullum a wanke ciwon, a yanke abin da ya mutu, a yi allura. Ɗiyata na kawo abinci, mai robobi ta zo dubiya ta ce masa 'yarta na gaishe da mai arzikin rana. Ƙannensa suka yanke shinkafar ba da shi ba, bai kuma yarda sun yi daidai ba. A hankali kumburin ya sauka, warin ya tafi, wurin ya fara yin ja mai kyau. Ranar da likitar ta ce ƙafa ta tsira, har yatsan, na fita baranda na tsaya ina kallon masu sayar da lemo, don kada ya ga fuskata.

Aka sallame mu da magunguna da sharuɗɗa. Ba shiga ruwa sai wurin ya rufe, in ya rufe ma sai da dogon takalmin roba. A duba ƙafar kullum, sama da ƙasa, tunda ita ba za ta faɗa ba. A rage tuwon shinkafa, wanda ya ce wannan kuma zalunci ne a gaya wa mai shinkafa. Ya zauna a inuwa. Muka iso Argungu da yamma, hadari ya ɗan taso ta gabas ya watse bai ba da komai ba. Muna shiga gida ya tuna ba mu sayo ƙarfen inji ba. Na ce ni ma ban ɗauko mayafina ba.

Da safe na wanke masa ƙafar, na duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure. Na ba shi maganinsa. Na shimfiɗa masa buzu a gindin dogon yaro, na sa masa matashi a ƙarƙashin ƙafar, waya na kafaɗarsa tana ba shi labarin taki. Da hantsi ya ɗaga sai na sa sakata a ƙofar gida, na ɗauko tabarmarsa, na shimfiɗa a tsakiyar gida, na tura barkono gefe ɗaya. Na naɗe hannun riga, na miƙe ƙafafu, na jawo kwaryar gyaɗa na fara ɓara.

Daga inuwa Malam ya ce in ɗan matsa dama, can ta fi kyau, shi ya san wurin.